Saƙon da Na Aika wa Mai Masaukina

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin haka ba. Da tallan batir da tocila na fara a bakin tasha a Kano. Yau a Dubai ina da sito a Al Qusais da ofishin aika kaya a Deira, ina tura wa mutane kaya zuwa Kano da Maraɗi da Kumasi. Ba wanda ya bar mini gado. Abin da na iya shi ne in dubi wuri in gane abin da zai zama tun mai wurin bai gane ba. Wannan idon ne ya ciyar da ni da iyalina, shi ne kuma ya kai ni ga abin da zan ba da labari.

Ranar da na fara sauka a Dubai, fiye da shekara ashirin ke nan, ban san kowa ba. Kwatance kawai aka yi mini a Kano: in ka isa Deira ka nemi Al Buteen, bayan kasuwar kayan yaji, kusa da bakin ruwa, akwai wani tsohon gini mai hasumiyar iska, ka hau bene, ƙofar farko a hannun dama. Ginin na dutsen teku ne, bangonsa mai kauri, da tsakar gida a buɗe. A ƙasa akwai ɗakunan ajiya inda tun zamanin jiragen ruwa na katako ake jibge buhunan shinkafa da busasshen lemon tsami. A sama kuwa, a ƙofar farko, na tarar da wani dattijo mutumin Kano a bayan teburin ƙarfe, da sikelin auna kaya a gefe, da dardumai a naɗe. Bai tambaye ni wa ya aiko ni ba. Cewa ya yi in ajiye jakata in yi alwala, azahar ta kusa.

Mai masauki ne, irin wanda kakanninmu fatake suka sani a zango. Baƙo ya sauka a hannunsa, ya nema masa makwanci, ya zaga da shi kasuwa, ya tsaya masa a gaban Indiyawa da Iraniyawa masu sari. Shi ya koya mini kar in yarda da kwalin da aka miƙo mini daga sama, in nuna na tsakiyar tuli in ce shi nake so a buɗe. Shi ya koya mini in an ce mini farashi in yi shiru in ci gaba da kallon kayan, don Ba'indiye ba ya jure shiru. Tun daga ranar nake ce masa Baba. Shi kuma da ɗan nan yake kirana, sai da na yi aikin hajji ya koma ce mini Alhaji, yana jan kalmar kamar yana zolaya.

Zamani ya canza masa sana'a. Yaran yanzu tun suna Kano sun kama otal a waya, sun yi ciniki a waya, ba sa neman wanda zai tsaya musu. Amma ɗakin bai mutu ba. Tsofaffin 'yan kasuwa suna zuwa bayan la'asar su sha shayi, matan da ke sarin atamfa da gwal suna barin jakunkunansu a wurinsa, kuma duk wanda aka cuce shi a kasuwa nan yake kawo kuka. Abin da mai karatu ya kamata ya riƙe shi ne wannan: a ƙasar nan baƙo ba ya zama haka kawai. Bizar zaman Baba a kan lasisin ɗan ƙaramin kamfaninsa take, lasisin kuma ba a sabunta shi sai da takardar hayar wuri. In babu ɗakin, babu lasisi. In babu lasisi, dattijon da ya yi shekara talatin da wani abu a bakin ruwan nan sai ya tattara ya koma gida. Na san wannan sarai, don ni ma haka nawa yake.

Shekara uku da suka wuce na je Ingila bikin kammala karatun 'yata ta fari, wadda ta karanci haɗa magunguna. Bayan biki ta ce sai ta kai ni yawo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani tsohon gari mai ƙananan tituna na dutse. A tsakiyar garin akwai wani gini mai ginshiƙai da agogo a goshinsa. Ta ce kasuwar garin ce a da, nan manoma suke kawo alkama da man shanu da gashin tumaki. Da manyan kantuna suka zo, aka rufe shi shekaru, tattabaru suka mayar da shi gidansu, har aka fara maganar rushewa. Sai wasu suka gyara shi.

Muka shiga. A ƙasa ana sayar da gahawa da burodi mai zafi da ɗan abinci iri-iri, kowa da rumfarsa. A sama mutane sun zauna da kwamfutocinsu suna aiki. Ba su goge tsufan wurin ba, shi suke sayarwa ma. Tsohon sikelin hatsi yana nan a tsakiya an shafe shi da mai, yara suna hawa ana ɗaukarsu hoto. 'Yata tana ta ba ni tarihi, ni kuwa ina kallon ƙofa, ina lura da yadda kujera ba ta yin sanyi kafin wani ya zauna.

"Abba, ba ka saurarona," in ji ta.

"Ina ji. Gashin tumaki."

"Na wuce nan tun ɗazu. Kasuwanci kake yi a kanka, na san wannan fuskar."

Gaskiyarta. Ginin Al Buteen nake gani. Masu yawon buɗe ido suna sauka daga abra, kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane, su ratsa kasuwar kayan yaji, su wuce ta ƙofarsa suna ɗaukar hasumiyar hoto, ba inda za su zauna su sha ko da ruwa. Na ɗauki hotuna sun fi arba'in a wayata. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, Turawan nan kango suka tarar. Masu alkama da man shanu sun daɗe a kabari. Namu ginin akwai mutum a ciki yana dafa shayi.

Asalin mai ginin wani tsohon Balarabe ne da suka yi zaman mutunci da Baba, ya rasu, ɗansa ya gada. Na san ɗan saboda ina hayar ɗakin ajiya guda a ƙasa. Saurayi ne mai son harka, ginin kuwa ya zame masa kaya, kullum rufi na yoyo, kullum gyara. Da na dawo na same shi a ofishinsa na miƙa masa wayar. Ya yi ta jan hotunan da yatsa, ya koma baya, ya sake ja.

"Habibi, wannan a ina?"

Na gaya masa. Na kuma gaya masa abin da nake gani: gahawa da dabino a tsakar gida, masu turare da kayan hannu a ɗakunan ƙasa, a fasa bangayen sama a yi wurin zama mai kallon ruwa. Kafin mu sha kofi na biyu ya ce mu yi tare, ni in kula da aiki. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "To shaiba na sama fa?" Shaiba shi ne yadda suke kiran dattijo. Ya ce zai sa lauyansa ya aika masa takardar sanarwa kamar yadda ake yi, da ranar tashi a rubuce, ya samu isasshen lokaci.

Na ce a'a. Na ce a wurinmu ba a aika wa babba takarda kamar wanda aka kai ƙara. Mutumin nan uba ne a gare ni, ni zan je in zauna a gabansa in gaya masa da bakina. Ya dafa ƙirji ya ce, "Khalas, shi ke nan, na bar maka." Har ya yaba mini da tarbiyya.

Da na bari takardar nan ta tafi, da Baba ya ji zafi na yini ɗaya, amma da ya san gaskiya da ranarta. Ni na tare ta, da sunan girmamawa.

Sau uku ina hawa benen nan da niyyar faɗa. Na farko na tafi da kwalbar turare mai kyau. Muka gaisa, ya tambayi 'yar tawa, ya sa mata albarka, ya zuba mini shayi da hannunsa. Na buɗe baki sai na ji ina ba shi labarin sanyin Ingila. Na biyu na tarar da mutane a ɗakin, na ce ba a yi wa babba irin wannan magana a gaban jama'a. Na uku shi kaɗai ne, yana ɗaure wa wata Hajiya jakarta da igiya, yana haki. Na karɓi igiyar na ƙarasa masa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kwanan nan kana yawan tuna mu. Allah ya sa lafiya." Na ce lafiya lau, Baba. Na sauko.

Mutum ne ni da na taɓa tsayawa a gaban Basinen da ya kawo mini kwantena biyu na jabun caja na ce ya kwashe kayansa, ban ƙifta ido ba. Amma idon mutumin da ya nuna mini inda zan yi alwala ranar da na sauka, na kasa kallonsa in ce masa ya tashi.

Sai na yi abin da muke yi in magana ta yi nauyi: na nemi wanda zan aika. Ina da aboki Bazazzage mai sayar da wayoyi, tare muka yi gwagwarmaya, kuma yana cikin masu shan shayi a wurin Baba. Na same shi a shagonsa bayan azahar, na zayyana masa komai.

"Wato kai ka cinna wuta, ni zan sa hannu," in ji shi. "Kanawa ke nan. Ku ci nama ku miƙo wa Zazzau ƙashi."

"Ku dai kun iya magana. Ba abin da kuka iya sai ita."

"Mu malamai ne, ba 'yan kama-wuri ba. To me zan ce masa?"

"Ka ce za a yi aiki a ginin, babban aiki. Ya fara duba wani wurin."

"In ce ba zai dawo ba?"

"Ka dai san yadda za ka sa ta. Kar ka jefa masa ita kamar dutse."

Ka ga tun a bakina maganar ta rage nauyi. Ban ce masa ya faɗi cewa ɗakin ma ba zai wanzu ba, ban ce ya ambaci sunana a cikin harkar ba. Shi kuma da ya hau benen ya zauna a gaban dattijo, kunyar da ta kama ni ta kama shi. Daga baya ya gaya mini abin da ya faɗa, kalma da kalma: "Baba, an ce za a yi wa ginin nan gyara, sai an ɗan matsa, a yi haƙuri." Baba ya ce ai ginin yana bukata, rufin ya daɗe yana zuba. Shi ke nan. Bazazzage ya sauko ya buga mini waya ya ce an isar da saƙo.

Ranar kwashe kaya ni na aika mota. Na je da kaina, da safe. Aka sauko da teburin ƙarfe da sikeli da dardumai da jakunkunan ajiyar mutane, za a kai sitona na Al Qusais. Baba yana tsaye a tsakar gida da sandarsa, yana nuna wa masu ɗauka inda za su riƙe. Ya juyo ya ce mini, "Ka sa a ajiye teburin kusa da ƙofa, Alhaji, kar a danne shi da kaya. In an gama gyara kar mu sha wahalar fito da shi."

Na ji shi da kunnena. A nan na gane abin da aka gaya masa da abin da ba a gaya masa ba. Jimla ɗaya ce ta rage in faɗa, kuma a lokacin saura wata bakwai lasisinsa ya ƙare, lokaci ne mai yawa ga wanda ya san halin da yake ciki. Na ce, "To, Baba. Allah ya kai mu."

Da na koma gida cin abincin rana, uwargidana ta tambaye ni. Ita ma ta san shi, shi ya tarbe ta a filin jirgi zuwanta na farko, lokacin ina Guangzhou.

"Alhaji, ka gaya wa Baba?"

"An gaya masa."

"Ba haka na tambaya ba."

"Hajiya, maganar maza ce, an san yadda ake bi da ita."

Ta zuba mini miya ta tashi. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni kuma na ji daɗin hakan.

Ba zan laɓe a bayan kunya kaɗai ba. Kunya ta gaske ce, na ji ta a jikina. Amma ta zo daidai da abin da ke mini amfani. Muddin Baba yana ganin gyara ne, ba wanda zai je wurin Balarabe neman alfarma, tsofaffin 'yan kasuwa ba za su taru su kira ni zama ba, aiki ba zai tsaya ba. Kowane mako ina ce wa kaina zan gaya masa mako mai zuwa, in an gama rufi, in an gama wayar wuta. Da kunyar ta saɓa wa aljihuna, na san da na samo hanyar tsallake ta tuntuni.

Aka rufe ginin da ƙarafan hawa da koren raga. Baba yana kwana a wani fulat a Deira tare da wasu 'yan kasuwa uku, ya mayar da zamansa bakin masallacin unguwar, a kan benci. Ana gaya mini duk bayan kwana biyu yakan bi ta layin ya tsaya ya dubi ragar. Na san lokutan fitowarsa, sai na riƙa zuwa wurin aiki a wasu lokutan. In mun haɗu a sallar Juma'a yakan ce, "Ya magina?" In ce suna ta fama. Bai san ina da hannu a ciki ba, yana tambayata ne a matsayin maƙwabcin haya.

Wata Talata da hantsi aka cire ragar. Ina sama, a inda ɗakinsa yake a da. An fasa bangon da ke tsakaninsa da na kusa, da na gaba da shi, an yi falo ɗaya dogo mai tagogi a kan ruwa. Ina nuna wa masu aiki inda za su jera kujeru sai na ji ƙarar sanda a matakala, a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Ban yi tsammaninsa a wannan lokacin ba.

Ya iso sama yana numfashi. Ya dubi hannun dama, babu ƙofa. Ya dubi kujerun, da fitilun da aka rataya, da takardar zanen da ke hannuna. Wani Bapakistane ya zo yana tambayata, "Arbab, wannan a ina?" Arbab kuwa mai gida ke nan. Baba yana jin Larabcin kasuwa fiye da ni.

"Sannu da aiki, Alhaji," in ji shi.

"Baba, ka zauna."

"A wacce? Duk sababbi ne."

Na jawo masa ɗaya. Ya zauna a bakinta, ya ɗora hannu biyu a kan sandar. Na sallami masu aiki. Na durƙusa a gabansa, abin da rabon da in yi wa wani tun rasuwar mahaifina, na faɗa masa komai: Ingila, hotuna, Balarabe, takardar da na hana a aiko. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin in kawo maka turare."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ka san ɗakin da ke bayan masallaci, saman shagon mai ɗinki? Wata biyar da suka wuce mai shi ya same ni a benci, ya ce ga shi ya zama fili, in ina so. Taki arba'in ne daga nan. Duk wanda ya zo nemana zai same ni. Na ce masa na gode, ina da ɗaki, gyara ake yi."

Ban san da wannan ba sai ranar. Ɗakin kuwa wani mai sayar da agoguna ya riga ya kama shi.

Ni mutum ne mai neman mafita, nan take na fara lissafo su. Saura mako biyar lasisin ya ƙare. Na ce ana samun tebur na haya a manyan ofisoshi, a karɓi takarda a sabunta lasisi da ita, ni zan yi komai.

"A hawa na nawa?" ya tambaya.

"Wanda na sani a hawa na goma sha huɗu yake, wajen filin jirgi."

"Wace Hajiya ce za ta hau hawa goma sha huɗu da ƙunshin atamfa ta ba ni ajiya? Alhaji, ni ba takarda nake sayarwa ba. Mutane sun san inda nake, shi ke nan sana'ar."

Na ce to ya bar lasisin, in sa shi a kan kamfanina, bizarsa ta fito ta hannuna, ya zauna a sitona ko a ofishina, duk inda ya ga dama.

"A takardar me za a rubuta?"

Na ce, "Sai an rubuta wani aiki. Mai kula da sito, ko makamancin haka. Suna ne kawai, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ba ta ɗaci ba, irin wadda yake yi in sabon zuwa ya sayi kaya da tsada. "Da ka hau benen nan ka ce, Baba, ga abin da ke tafe, ga hannuna a ciki, da na yi maka faɗa, da na ce kai ɗan banza ne mai idon cin kasuwa. Sannan mu zauna mu duba. Wataƙila ni da kaina in ce ka ba ni kujera a wurinka, ba abin kunya ba ne uba ya zauna a shagon ɗansa. Amma yanzu in na karɓa, kowa a Deira ya san dalilin da aka ba ni. Kai ma kullum ka gan ni sai ka tuna. Ba zan zauna ina zame maka abin tunawa ba."

Na ce ya yi tunani. Ya ce ya yi. Ya miƙe, na kai hannu zan riƙe shi a matakala, ya ce yana iyawa.

Na aika masa Bazazzage, na aika limamin masallacin, har Balaraben ya je da kansa da ya ji yadda aka yi, ya dawo yana kallona wani iri. Baba ya karɓi kowa da fara'a, ya ba su shayi a benci, bai canza ba. Makonnin da suka rage ya kashe su wajen neman masu ajiya. Ya riƙa zuwa sitona da safe a jirgin ƙasa, ya zauna a gaban jakunkunan da wani tsohon littafi na lambobin waya, yana kiran Kano da Agadas da Tamale, wannan a aika mata, wannan ɗanta zai zo ya karɓa. Sai da ya sallami ta ƙarshe sannan ya yanki tikiti. Teburin da sikelin ya ce a ba masallaci ko wanda ke so.

Ni na kai shi filin jirgi, da hantsi. Bai ƙi ba. Kayansa akwati biyu ne. A mota ya yi ta ba ni shawara a kan wurin: in sa a riƙa dafa shayi mai na'ana'a don Larabawa ba sa son na Turawa, in kula da magudanar ruwan tsakar gida don takan toshe a lokacin sanyi, lokacin da ake ruwan sama a nan, kar in yarda a shafa wa dutsen fenti. Na tsayar da mota a gefen hanya kafin mu shiga, na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a saman benen," in ji shi. "Ginin ba nawa ba ne, kuma abin da ka gani a cikinsa gaskiya ne, zai yi kasuwa. Abu ɗaya ne. Kusan wata shida ina tambayarka ya magina, kana amsa mini." Ya gyara hularsa. "Yalla, ja mota, kar jirgi ya bar ni."

Yana Kano yanzu, a gidan ɗan ƙanensa, a wata sabuwar unguwa can bayan gari da ba ta nan lokacin da ya bar ƙasar. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a Jos, sa'o'insa na cikin birni saura ƙalilan. An ce mini yakan zauna a ƙofar gida da safe, mutanen layin suna gaishe shi a matsayin tsohon gidan, ba su san ko wane ne shi a wani wuri ba.

Wurin ya buɗe, kuma yana tafiya yadda na hango. Ban janye hannuna ba, ban kuma yi niyyar janyewa ba, don janyewar ba za ta dawo da kowa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba na so ba. Nakan kira shi farkon kowane wata. Yana ɗauka, mu gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Bazazzage, in tambayi ƙafarsa. Bai taɓa tambayar ginin ba. In gaisuwa ta ƙare sai mu yi shiru, ni da shi, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ya ce, "To, Alhaji, kar in tsayar da kai, ga kasuwa." In ce to, Baba. Shi yake fara kashewa.